Gurbin Bas a Ƙungiyoyin Jita na Agadas: Sauyin Makaɗa da Dalilan Ɓoyuwar Sunayensu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin masu kaɗa jitar bas a ƙungiyoyin kiɗan jita huɗu na Agadas, tsakanin 1995 da 2024. An bi diddigin sunayen makaɗa a bangon faya-fayai, an kuma saurari kiɗan da kansa. Nazarin ya nuna cewa aikin da bas ke yi ya girmi jitar bas a kiɗan Abzinawa, kuma jitar ba ta sami gindin zama ba sai da ƙungiyoyi suka fita daga filin biki zuwa dandamali da situdiyo. Saboda haka sauyin mai bas yakan zo daidai da sauyin kasuwar ƙungiya, kuma ana iya karanta tarihin ƙungiya daga wannan gurbi.

1.0 Gabatarwa

Agadas, birnin Sarkin Abzin, ta shahara da hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A shekarun baya-bayan nan birnin ya ƙara yin suna ta fuskar kiɗan jita. Lokacin tawayen Abzinawa na farko, daga 1990 zuwa 1995, waƙoƙin jita irin na Abdallah Oumbadougou a ɓoye suke yawo cikin kaset-kaset. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, kiɗan ya fito fili, ya zama kiɗan aure da suna da taron siyasa.

Sunayen da duniya ta sani daga wannan fage galibi na masu jitar jagora ne: Bombino, Mdou Moctar, Bibi Ahmed, Koudede. Wanda ke tsaye a bayansu riƙe da jita mai tsirkiya huɗu ba kasafai ake tambayar sunansa ba, ko da an canja shi sau biyu ko uku. Wannan ba halin Agadas kaɗai ba ne. A Amurka, James Jamerson ya yi shekaru yana kaɗa bas a faya-fayan kamfanin Motown ba tare da an rubuta sunansa ba, sai a kundin What's Going On na Marvin Gaye a 1971. A ƙungiyar Parliament-Funkadelic ta George Clinton kuwa, kowa ya san Bootsy Collins, amma Billy Nelson da Cordell Mosson da Rodney Curtis da Lige Curry sai masu bin diddigi. Sai dai akwai bambanci. A kiɗan fank babu mai musun cewa bas ce ginshiƙi. A Agadas kuwa ana iya kammala biki guda ba tare da an ga jitar bas ba, kuma babu wanda zai ce kiɗan ya yi rauni.

1.1 Manufar Nazari

Maƙalar na da manufa uku. Ta farko, fito da sunayen masu bas da faya-fayai suka adana, tare da lokacin shigar kowannensu. Ta biyu, bayyana abin da ke yin aikin bas kafin zuwan jitar bas. Ta uku, gano dalilan da suka sa wannan gurbi ya fi sauran yawan sauyi da ɓoyuwar suna.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Ana iya kasa ayyukan da suka gabata gida uku. Kashin farko ya mai da hankali kan kiɗan gargajiya. Caroline Card, a kundin digirinta na 1982, da François Borel a nazarce-nazarcensa kan Abzinawan Nijar, sun yi bayanin anzad, wato gogen da mata ke kaɗawa, da tinde, da matsayin makaɗi a cikin al'umma. Jita ba ta cikin tsakiyar bincikensu.

Kashi na biyu ya kalli jita a matsayin muryar siyasa. Nadia Belalimat ta nazarci waƙoƙin ishumar, matasan da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya, ta nuna yadda waƙa ta zama hanyar isar da saƙo tsakanin mutanen da iyakoki suka raba. Susan Rasmussen ta duba yadda wasannin matasa a yankin Abzin ke bayyana saɓanin da ke tsakaninsu da dattawa. A wannan kashi, matanin waƙa da mawaƙi su ne abin nazari.

Kashi na uku ya koma kan kasuwa. Eric Schmidt, a kundin digirinsa na 2018, ya nazarci yadda kiɗan Abzinawan Nijar ya zama sana'a da haja. Marta Amico, a littafinta na 2020, ta bi yadda masu shirya bukukuwa da kamfanonin faifai na Turai suka sa hannu wajen ƙera abin da duniya ke kira kiɗan Abzinawa. Wannan kashi shi ne mafi kusa da batun maƙalar, amma ya fi duban ƙungiya a dunƙule.

A ɓangaren Hausa, David Ames da Anthony King a 1971 sun tattara sunayen kayan kiɗa da muƙaman makaɗa, Sa'idu Muhammad Gusau kuma, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya shimfiɗa hanyar da ke bambanta jagora da 'yan amshi da makaɗa, ta kuma ba kowa matsayinsa a nazari. Wannan maƙala ta ari wannan rabe-rabe, ta ɗora shi a kan ƙungiyar jita.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An zaɓi ƙungiyoyi huɗu: Group Inerane, ƙungiyar Bombino, ƙungiyar Mdou Moctar da Etran de L'Aïr. Sharaɗin zaɓe shi ne ƙungiya ta yi aiki a Agadas, ta kuma fitar da faifai fiye da ɗaya, domin a iya kwatanta jerin makaɗanta a lokuta daban-daban. An kawo Tinariwen ta Mali da Etran Finatawa ta Yamai domin kwatance.

An yi amfani da hanya biyu: karanta bayanan da kamfanonin faifai suka buga game da makaɗa, da sauraron faya-fayan domin tantance abin da ke riƙe da kakkauran sauti. An kuma rarrabe kalmomi biyu. Ƙasan kiɗa na nufin kakkauran sauti mai maimaituwa wanda rauji da amo ke zaune a kansa, ko da wane abu aka samar da shi. Gurbin bas kuwa na nufin matsayin mutumin da aka ware wa jitar bas a cikin ƙungiya. Ana iya samun na farko ba tare da na biyu ba, kuma a kan wannan bambanci nazarin ya ginu.

4.0 Ƙasan Kiɗa Kafin Jitar Bas

4.1 Tinde da Ƙwarya

A kiɗan tinde, turmi ake rufewa da fatar akuya a jiƙa ta, mace ta kaɗa da hannu, sauran mata na tafi da amshi. Sau da yawa akan haɗa da assakalabo, ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa a doke ta, irin kiɗan ruwan da matan Hausawa suka sani. Sautin wannan ƙwarya kakkaura ne, kuma shi ke faɗa wa mai rawa inda zai sa ƙafa. A wasu nau'o'in tinde maza kan riƙe wani dogon gunji a maƙogwaro a ƙarƙashin muryar mai waƙa. Ke nan kunnen Ba'abzine ya saba da ƙasan kiɗa tun kafin jita ta iso.

4.2 Babban Yatsa

Da jita ta shigo ta hannun 'yan ishumar a ƙarshen shekarun 1970, sai ta gaji wannan tsari. Waƙoƙin sun ginu a kan ma'aunin amo biyar, kuma da yawansu a kan amo ɗaya suke zaune daga farko har ƙarshe. Makaɗi yakan ɗaure tsirkiyar da ta fi kauri ta dace da wannan amo, ya riƙa bugun ta da babban yatsa, manuniya kuma tana fitar da karin waƙa a kan siraran tsirkiyoyi. Da hannu ɗaya yana yin aikin mutum biyu. A kiɗan Turawa, babban aikin mai bas shi ne nuna wa kunne inda amo ya sauya. Idan amo bai sauyawa, wannan aikin ya ragu, abin da ya saura shi ne nauyi da tura rauji gaba.

Da aka shigo da gangunan zamani a bukukuwan Agadas, salon garin ya ƙara sauri da ƙarfi, sai gangar ƙafa da jitar rakiya suka raba nauyin a tsakaninsu. Tsarin da ya kafu shi ne jitar jagora, jitar rakiya ɗaya ko biyu, da mai ganga.

4.3 Kayan Aiki da Hanyar Yaɗuwa

Akwai kuma dalilai na kayan aiki. Tsirkiyar jitar bas mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, ta jita kuwa kusan sau 82. Kafin irin wannan sauti ya fito sosai a fili, sai da babbar lasifika da amfilifaya mai ƙarfi da wutar da za ta ɗauke su. Ƙungiyar da ke kiɗa a titin unguwa da ƙaramin janareta, tana kuma raba abin da aka samu a biki tsakanin makaɗanta, ƙarin mutum da ƙarin kaya ba ƙaramin lissafi ba ne gare ta.

Hanyar yaɗuwar kiɗan ma ba ta taimaki bas ba. Bayan zamanin kaset, waƙoƙi sun koma yawo a wayar salula da katin memori, kamar yadda kundin Music from Saharan Cellphones na kamfanin Sahel Sounds ya nuna a 2011. Lasifikar ƙaramar waya ba ta iya fitar da kakkauran sauti. Ko an kaɗa bas a waƙar, mai sauraro a tasha ko a majalisa ba zai ji ta ba.

5.0 Sauyin Makaɗa a Ƙungiyoyi Huɗu

5.1 Group Inerane

Faifan farko na jerin Guitars from Agadez, wanda kamfanin Sublime Frequencies ya fitar a 2007 daga ɗaukar Hisham Mayet, ya nuna tsarin biki tsantsa: jitar Bibi Ahmed, jitar Adi Mohamed, ganguna, da mata 'yan amshi. A shekarar ce tawaye na biyu ya ɓarke, kuma Adi Mohamed na cikin waɗanda suka rasa rayukansu a rikicin. Da ƙungiyar ta sake fitowa a faifai na uku na jerin a 2010, wanda aka ɗauka a Yamai, ta zama ta maza huɗu: Bibi Ahmed, Koudede a jita ta biyu, Mohamed Atchinguel a ganguna, da Abdulai Sidi Mohamed a bas. Abin lura shi ne gurbin bas ya bayyana ne a daidai lokacin da ƙungiyar ta yi nisa da filin bikinta, amshin mata kuma ya janye. Sararin da tafi da guɗa suka bari, bas ce ta cike shi.

5.2 Ƙungiyar Bombino

Bombino, wato Omara Moctar, wanda aka haifa a 1980 a Tidene, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso lokacin tawaye na biyu, ya dawo ya yi wasa a gindin Babban Masallacin Agadas a Janairun 2010. Kundinsa Agadez ya fito a 2011, daga nan ya shiga yawon duniya. A wannan zango Kildjate Moussa Albadé ne ke riƙe da bas, kuma yana cikin makaɗan Nomad, wanda Dan Auerbach ya tsara a Nashville, aka fitar a 2013.

Zango na gaba ya zo da Youba Dia, ɗan asalin Muritaniya, tare da Ba'amurke Corey Wilhelm a ganguna. A kundin Azel na 2016 ne Bombino ya gwada gauraya kiɗansa da rege, salon da bas ke jan ragamarsa. A nan mai bas ya daina bin babban yatsan jagora kawai, ya sami layinsa na kansa mai shiga da fita tsakanin bugun ganga. Dia na cikin makaɗan Deran, wanda aka ɗauka a Kasablanka, aka fitar a 2018, kundin da ya sa Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar kyautar Grammy. Sunan da ke gaban faifan bai canja ba, amma ƙasan kiɗan Nomad da na Deran ba iri ɗaya ba ne.

Shi kuwa Kildjate, da ya bar gurbin, sai ya ɗauki jitar jagora a ƙungiyarsa Tisdass, wadda Sahel Sounds ya fitar mata da kundin Yamedan.

5.3 Ƙungiyar Mdou Moctar

Mdou Moctar, wato Mahamadou Souleymane, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da kayan situdiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa. A Agadas ya yi suna a bukukuwa, a can kuma aka shirya fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda Christopher Kirkley ya gina a kan Purple Rain na Prince. A tafiye-tafiyensa na farko zuwa Turai da Amurka su uku ne: shi, da Ahmoudou Madassane a jitar rakiya, da mai ganga. Gurbin bas bai samu ba sai da Mikey Coltun, Ba'amurke, ya shigo gabanin kundin Ilana: The Creator na 2019.

Wannan misali ya bambanta da sauran ta fuska biyu. Na farko, gurbin an ƙirƙire shi ne, ba gadonsa aka yi ba, don haka mai bas ya nemi wurin zama tsakanin jitar Madassane da gangar Souleymane Ibrahim, waɗanda tuni suka cike ƙasan kiɗa. Sauraron Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 ya nuna cewa amo kaɗan yake bugawa, yana maimaita su manne da gangar ƙafa. Na biyu, Coltun ne ya tsara sautin waɗannan kundaye biyu da kamfanin Matador ya fitar. Shi ne mai bas ɗin da 'yan jaridar waje suka fi sani a duk wannan fage, kuma dalilin a fili yake: yana jin Ingilishi, yana zaune kusa da su. Shahararsa ta ƙara tabbatar da cewa ɓoyuwar sauran ba daga kayan kiɗan take ba, daga hanyar isa ga masu rubutu take.

5.4 Etran de L'Aïr

Wannan ce mafi daɗewa a cikin huɗun. 'Yan'uwa ne na jini daga unguwar Abalane, kuma sun kafu a 1995 da jitar katako guda ɗaya da ƙwarya a kan ruwa, lokacin shugabansu na yanzu, Moussa Ibra, wanda ake kira Abindi, yana yaro. Sun yi shekaru masu yawa suna kiɗan bukukuwan talakawa kafin a ɗauki kundinsu No. 1 a fili a 2014, ya fito a 2018. Abin da ya cika kunne a wannan kundi shi ne jitoci masu sarƙe da juna, ganguna, da guɗar 'yan kallo.

Bayan kundin Agadez na 2022 da 100% Sahara Guitar na 2024, ƙungiyar da ke yawon duniya ta tsaya a mutum huɗu: Moussa Ibra, Abdourahamane Ibrahim, Abdoulaye Ibrahim da mai ganga Alghabid Ghabdouan. Akwai bas, amma ba ta zama mallakar mutum ɗaya ba, domin a kan dandamali sukan yi musayar ta da jita daga waƙa zuwa waƙa. Tarihin wannan ƙungiya ya taƙaita duk matakan da aka bayyana a sashe na 4.0: daga ƙwarya zuwa gangar ƙafa, daga gangar ƙafa zuwa jitar bas.

6.0 Tattaunawa

Daga misalan nan ana iya fitar da dalilai uku na ɓoyuwar sunan mai bas. Na farko na tsarin kiɗa ne: ƙwarewarsa ita ce ya riƙe amo ɗaya tsawon lokaci ba tare da gajiya ko ƙawa ba, kuma irin wannan ƙwarewa ba ta jan ido. Na biyu na adana tarihi ne: kaset da katin memori ba su da bangon da za a rubuta suna, don haka kusan duk sunayen da aka kawo a nan daga faya-fayan da aka buga a waje suka fito. Ko a can ma rubutun suna ɗaya yakan bambanta daga faifai zuwa faifai, saboda ana rubuta sunan Tamashek da ƙa'idar Faransanci ko ta Ingilishi. Na uku na kasuwa ne: kamfanonin waje sun fi son tallata gwanin jita guda. Misali, faifan Bombino na 2009 ya fito da sunan Group Bombino, na 2011 kuwa da sunan Bombino kawai.

Sai dai ɓoyuwar suna ba ta nufin ƙarancin tasiri. A Tinariwen, Eyadou Ag Leche ya riƙe bas tun zamanin kundin Amassakoul na 2004, kuma shi ya tsara kundin farko na ƙungiyar Imarhan ta Tamanraset a 2016. A Etran Finatawa, wadda aka kafa a 2004, Alhousseini Mohamed Anivolla ya tashi daga bas da rakiya ya zama jagoran jita bayan tafiyar Ghalitane Khamidoune. Idan aka haɗa su da Kildjate da Coltun, za a ga gurbin bas yana kai mai shi ɗayan wurare biyu: jagorancin ƙungiya ko tsara sauti. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai bas dole ya saurari mai ganga da mai jita a lokaci guda, don haka shi ya fi kowa sanin yadda aka harhaɗa waƙar. Wannan kuma yana cikin abin da ke sa gurbin yawan sauyi: wanda ya ƙware a cikinsa ba ya daɗewa bai wuce gaba ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a Agadas ƙasan kiɗa tsoho ne, gurbin bas kuwa sabo ne, kuma ya zo ne tare da dandamali da situdiyo da tafiye-tafiyen waje. Shigowar Abdulai Sidi Mohamed, sauyin Kildjate da Youba Dia, ƙirƙiro gurbi domin Coltun, da musayar bas tsakanin 'yan'uwan Abalane, kowannensu alama ce ta wani sabon zango a rayuwar ƙungiyar da abin ya shafa. Saboda haka ana ba da shawara biyu. Ta farko, manazarta su riƙa rubuta cikakken jerin makaɗa a duk wasan da suka ɗauka, har da na biki, kamar yadda masu nazarin waƙar baka ta Hausa ke rubuta sunayen 'yan amshi. Ta biyu, sassan nazarin harsuna da al'adu na jami'o'in Nijar da na arewacin Nijeriya su tattara tarihin baka daga bakin masu rakiya da masu ganga da masu bas na Agadas, domin su ne suka san wanda ya kaɗa me, a wace shekara, kuma a bikin wa.